Yadda za ka karanta tarihin zamanin tsakiya da Turanci, ka kuma iya amsa tambayarsa

Yaron da zai zauna ya ba ka labarin Bayajidda tun daga Bagadaza har bakin rijiyar Kusugu bai tsallake komai ba, shi ne za a miƙa wa takarda a ce ya yi bayanin abin da ya ɗaukaka daular Mali, ya yi layi uku ya tsaya yana cizon biro. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Kaya biyu aka ɗora masa a lokaci guda, tarihin mutanen da bai sani ba, da harshen da bai gama kamawa ba. Da nauyin ya yi yawa sai ya koma hadda, ya haddace jimlolin littafi yadda suke, ranar jarrabawa kuma a juya tambayar kaɗan, haddar ta watse. Abin da nake so ka yi shi ne ka raba kayan nan biyu. Ka fara fahimtar abin da ya faru da harshenka, sannan ka koyi ɗan Turancin da ake buƙata don faɗinsa. Turancin da tarihi ke nema bai kai yawan da kake tsoro ba.

Mataki na farko: jera lokaci

Samo takarda mai faɗi, ko ka ɓalle tsakiyar littafin rubutu, ka ja dogon layi a kwance. Rubuta 400 a farkonsa, 1600 a ƙarshensa, ka yanka shi ɗari-ɗari. Turai a saman layin, Afirka ta Yamma a ƙasansa.

Kafin ka sa komai, gyara lissafin ƙarni, don nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ƙarni na farko ya fara daga shekara ta 1 zuwa 100, saboda haka lambar ƙarni tana gaba da lambobin farko na shekara da ɗaya, ban da shekarar da ke rufe ƙarnin. Shekarar 1324 tana cikin ƙarni na 14. Shekarar 1066 tana cikin na 11. Idan littafi ya ce *the fifteenth century*, yana nufin daga 1401 zuwa 1500. Idan ka ga ƙaramin harafin *c.* gaban shekara, kamar *c. 1235*, marubucin yana cewa wajajen wannan shekara ne, ba a tabbatar da ita daidai ba, kai ma ka riƙe ta haka.

Masana tarihin Turai ne suka yanka abin da suke kira zamanin tsakiya, kuma da tarihinsu suka auna shi. Sukan fara daga 476, shekarar da aka tuɓe sarkin ƙarshe na daular Rum ta yamma, su ƙare wajajen 1453, lokacin da Sarkin Usmaniyya Muhammad na Biyu ya ci birnin Ƙusɗanɗiniyya. A saman layinka sa waɗannan biyu, ka ƙara 800, naɗin Sharlaman sarkin daula a birnin Rum, da 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila a yaƙin Hestins, da 1099 da mayaƙan gicciye suka kama Ƙudus, da 1187 da Salahuddin ya karɓo ta, da 1215, da 1347. Biyun ƙarshen za mu dawo kansu.

A ƙasan layin sa wajajen 1235, yaƙin Kirina da Sunjata ya kafa Mali a bayansa. Sa 1324, hajjin Mansa Musa. Sa 1349 zuwa 1385, sarautar Yaji a Kano, wadda a cikinta aka ce Wangarawa suka zo da Musulunci fada. Sa 1464, hawan Sonni Ali a Sanghai, da 1493, hawan Askiya Muhammad, da 1463 zuwa 1499, zamanin Muhammadu Rumfa, sai 1591, yaƙin Tondibi da Maroko ta ci Sanghai a cikinsa. Yanzu dubi takardar daga sama zuwa ƙasa. Za ka ga Rumfa, wanda ya gina gidan sarautar da har yau ke ɗauke da sunansa, yana kan gadon Kano a shekarar da Kolombus ya tsallaka teku, wato 1492. Shekarun da suka zauna kusa da juna haka ba sa saurin ɓacewa a kai.

Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya yana da wata dama a nan. Littattafan Larabci da shekarar Hijira suke lissafi. Ka ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622, za ka faɗo kusa da ta miladiyya. Gwada da 724: zai ba ka 1324, shekarar hajjin Mansa Musa.

Mataki na biyu: taswira

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Zana Afirka ta Yamma da hannunka ko da a karkace, ka ja kogin Kwara da lanƙwasarsa, ka sa Tumbutu da Gawo da Jenne a bakinsa ko kusa da shi, tafkin Chadi a gabas, Kano da Katsina a tsakani, Agadas a arewa. Can cikin Sahara sa Taghaza inda ake haƙar gishiri, a kudu maso yamma sa Bambuk da Bure inda zinariya take. Gishiri daga arewa, zinariya daga kudu, daulolin kuma a tsakiya suna karɓar haraji daga mai shiga da mai fita. Rabin tambayoyin tsohuwar daular Ghana (ba ƙasar Ghana ta yau ba) da Mali da Sanghai amsarsu tana cikin wannan zanen.

Mataki na uku: warware jimlar Turanci

A nan nake so ka daɗe. Idan ka buɗe littafi, kada ka ɗauki babi guda. Ɗauki sakin layi ɗaya. A kowace jimla nemi abu uku: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa. Fara da neman aikatau, ka ja layi a ƙarƙashinsa da fensir, sauran za su bayyana da kansu. Sa'arka ita ce Turanci da Hausa jerinsu ɗaya ne a jimla mai sauƙi, mai aikatawa a gaba, aikatau a tsakiya, wanda aka yi wa a baya. *Sonni Ali captured Timbuktu in 1468*, Sonni Ali ya ci Tumbutu a 1468.

Tarkon yana cikin wata siga da littattafan tarihi ke matuƙar so. Dubi wannan: *Songhai was defeated by Morocco in 1591.* Ɗalibi mai sauri yakan ga sunan Sanghai a gaba ya ɗauka ita ce ta yi nasara. A'a, ita aka ci. Duk inda ka ga *was* ko *were* sannan aikatau mai siffar abin da ya riga ya auku, kamar *defeated, built, founded, killed*, to sunan da ke gaba shi aka yi wa aikin, mai aikin kuma yana bayan kalmar *by*, ko ma ba a ambace shi ba. Da Hausa "aka" da "an" muke yin wannan: an ci Sanghai, aka gina ganuwa. Ka riƙa juya kowace irin wannan jimla a bakinka har ka saba. Kuskure ɗaya a nan yana iya kifar da amsa gaba ɗaya, domin ka mayar da wanda aka ci ya zama mai ci.

Doguwar jimla kuma a yanka ta a wurin waƙafi da wurin *who, which, when, although*. Abin da ke tsakanin waƙafi biyu sau da yawa ƙarin bayani ne, ka ɗauke shi gefe tukuna, ka karanta gangar jimlar, sannan ka mayar da shi.

Idan ka gama sakin layin, rufe littafin ka faɗi abin da ka karanta da Hausa, da ƙarfi, ga ƙaninka ko abokin karatunka. In ka kasa faɗinsa da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna, koma ka sake. Kada ka tsaya buɗe ƙamus a kan kowace kalma. Zaɓi waɗanda in babu su maganar ba ta tafiya, ka rubuta su a bayan littafinka tare da jimlar da ka same su a ciki.

Mataki na huɗu: kalmomin da tarihi ya tsaya a kansu

Akwai 'yan kalmomi da ke dawowa a kowane babi. *Kingdom* masarauta ce ta sarki ɗaya da jama'arsa. *Empire* daula ce da ta haɗiye masarautu da ƙabilu da yawa suna kawo mata gaisuwa, wannan gaisuwar ta dole ita ce *tribute*. *Dynasty* gidan sarauta ne da ke gadon mulki, kamar Saifawa da suka mulki Kanem da Borno ɗaruruwan shekaru. *Succession dispute* rikicin gadon sarauta ne, kuma za ka same shi a faɗuwar kusan kowace daula. *Rise* ɗaukaka, *decline* ja da baya a hankali, *fall* rushewa.

A ɓangaren Turai kalmar da ta fi ba ɗalibai wahala ita ce *feudalism*. Ga yadda abin yake a Ingila bayan 1066. Sarki yana ɗaukar ƙasar duka tasa ce. Sai ya yanka wa manyan mayaƙansa yankuna, su kuma su durƙusa su yi masa rantsuwar biyayya, su yi alkawarin kawo masa mahaya in yaƙi ya tashi, galibi na kwana arba'in a shekara. Yankin da aka bayar shi ne *fief*, wanda ya karɓa ya yi rantsuwa shi ne *vassal*, mahayin doki mai sulke shi ne *knight*. Su ma manyan sukan yanka wa na ƙasa da su a kan irin wannan sharaɗi. A can ƙasa akwai manoma, da yawansu *serfs* ne: suna da 'yar gonar da suke ci daga gare ta, amma dole su yi wa ubangidan aiki a gonarsa wasu kwanaki a mako, kuma ba su da ikon barin ƙauyen sai da izininsa. Coci ma tana karɓar kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. Za ka iya tuna sarki da hakimansa da aikin gandu don hoton ya zauna maka a kai, amma ka tsaya nan, kada ka rubuta cewa tsarin ɗaya ne. Talakan ƙasar Hausa da mulki ya ishe shi yakan iya ɗaure kayansa ya yi ƙaura, wanda doka ta hana *serf* yi.

Cin Ingila na 1066 ya shafi darasin Turancinka kai tsaye. Mutanen Nomandi Faransanci suke yi, shi ya zama harshen fada da kotu na wajen shekara ɗari uku, shi ya sa kalmomin mulki da shari'a irin su *court, judge, parliament, government* duk daga can suka shigo.

Shekarar 1215 kuwa ita ce ta Magna Kata. Manyan ƙasa ne suka gaji da harajin Sarki Jon da kame-kamensa, suka tilasta masa ya sa hatimi a kan takardar da ta ce ba za a kama mutum mai 'yanci ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da hukuncin shari'a. Kada ka rubuta cewa ta kawo dimokuraɗiyya. Haƙƙin manya da masu 'yanci ta fi karewa, kuma Fafaroma ya soke ta cikin 'yan watanni. Darajarta ita ce an rubuta a takarda cewa sarki ma yana ƙarƙashin doka, aka kuma yi ta sabunta ta bayan mutuwar Jon.

Mataki na biyar: tambayi kowane labari daga ina ya fito

Wannan ne abin da na fi so a darasin tarihi, shi ne kuma aka fi tsallakewa a aji. Littafinka zai ce akwai *primary source* da *secondary source*. Na farko shaida ce daga zamanin da abin ya faru, na biyu rubutun wanda ya zo daga baya ya yi nazari. Haddace wannan bai isa ba, sai ka gwada shi a kan mutane na gaske.

Al-Bakri, wanda ya ba mu bayanin fadar sarkin Ghana wajajen 1068, a Andalus ya zauna, bai taɓa taka Ghana ba, daga bakin fatake da rubutun magabata ya tattara. Al-Umari, wanda ya ce zinariyar Mansa Musa ta karya farashin zinariya a Misira, ya je Alƙahira ne shekara goma sha biyu bayan wucewar sarkin, ya ji daga waɗanda suka gani. Ibn Baɗuɗa shi ya shigo Mali da ƙafarsa a 1352 zuwa 1353, zamanin Mansa Sulaiman, har ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Ya yaba tsaron hanya da yadda mutane ke kula da sallar Juma'a da haddar Alƙur'ani, amma ya yi ƙorafin rowar sarkin domin kyautar da aka aiko masa ba ta yi masa ba. Ganau ne, amma ganau mai fushi, sai a karanta shi da wannan a rai. Tarihin Kano da muke ɗaukar shekarun Yaji da Rumfa daga cikinsa, tsawon sarautar kowane sarki ya bayar, daga baya aka lissafa shekarun miladiyya ta hanyar ƙirgawa baya. Shi ya sa shekarun sarakunan farko, kamar 999 da ake ba Bagauda, sun fi na baya rauni. Labarin baka, irin na Bayajidda ko na Sunjata da maroƙan Mali ke rerawa, shi ma shaida ne, yana nuna yadda al'umma ke fahimtar asalinta, sai dai ba a neman ainihin shekara a cikinsa. Idan ka rubuta *according to Ibn Battuta* ko *according to oral tradition* a amsarka, mai dubawa ya san ka san inda maganarka ta fito.

Mataki na shida: dalili da sakamako

Ga kowane babban al'amari, raba shafi uku: abin da ya daɗe yana ruruwa, abin da ya tayar da shi a lokacin, da abin da ya biyo baya. Ɗauki faɗuwar Sanghai. Abin da ya daɗe shi ne rikicin gado tsakanin 'ya'yan Askiya Dawud, wanda ya kai ga yaƙin basasa a 1588, ga kuma tsohuwar jayayya da Maroko a kan gishirin Taghaza. Abin da ya tayar shi ne Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo runduna ƙarƙashin Judar Basha ta tsallako Sahara. A Tondibi mutanen Askiya Ishaƙ na Biyu sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma masu bindiga suka rinjayi masu mashi da baka. Abin da ya biyo baya shi ne daular ta wargaje, aka kwashe malaman Tumbutu irin su Ahmad Baba zuwa Marrakesh.

Yi haka da annobar 1347, wadda Turawa ke kira Baƙar Mutuwa. Jiragen fatake ne suka kai ta Sisili, ta isa Ingila a 1348, cikin shekara huɗu ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Ba Turai kaɗai ta ci ba, ta yi ɓarna a Alƙahira da Dimashƙu, ita ce kuma ta ɗauke iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun a Tunis. A Ingila ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, lada ya tashi, hukuma ta yi doka a 1351 don danne shi, fushin manoma ya taru har ya fashe a tawayen 1381. Ka ga yadda cuta ta girgiza tsarin da muka yi bayani a sama.

Mataki na bakwai: karanta tambaya kafin ka taɓa biro

Kalmar farko ta tambaya ita ke faɗin irin amsar da ake so. *List* ko *state*, jero kawai. *Outline* ko *highlight*, kawo manyan batutuwa da ɗan bayani. *Describe*, faɗi yadda abin yake. *Explain* ko *account for*, kawo dalilai. *Discuss* ko *examine*, duba ta fuska fiye da ɗaya. Idan an ce *any five*, biyar ake so, kada ka ɓata lokaci a kan na shida. Duba kuma iyakar lokaci ko wuri da aka sa: in an ce Kano a zamanin Rumfa, labarin Bagauda ba zai kawo maka maki ba komai daɗinsa.

Mataki na takwas: rubuta amsar

Ɗauki minti biyu ka jera batutuwanka a gefe, kalma ɗaya-ɗaya. Kowane batu sakin layi guda, kowane sakin layi abu uku: batun, shaidarsa, da yadda ya amsa tambayar. Ga misali a kan ɗaukakar Mali: *Mali controlled the gold trade. The goldfields of Bambuk and Bure lay within its reach, and its rulers taxed the traders who came for gold. As a result, they had enough wealth to keep a large army.* Jimla uku gajeru, babu kalma mai wuya ko ɗaya, kuma amsa ce cikakkiya. Gajeriyar jimla mai kyau ta fi doguwa da ta ɓace a hanya. Kalmomin haɗi kaɗan sun ishe ka: *because* don dalili, *as a result* da *therefore* don sakamako, *however* in za ka juya magana, *also* in za ka ƙara.

Kurakurai uku ne ke bin mai jin Hausa, kuma duk daga tsarin harshenmu suke fitowa. Na farko, mu a kan wakilin suna muke nuna lokaci: ya tafi, yana tafiya, zai tafi. Turanci a jikin aikatau yake nunawa, tarihi kuma kusan duka da sigar abin da ya wuce ake rubuta shi. Masu bin ƙa'ida *-ed* suke ɗauka, kamar *ruled* da *conquered*. Marasa bi sai hadda, kuma a nan hadda tana da amfani: *became, built, fought, brought, took, led, rose, fell, won, sold, bought, began*. Rubuta jimla ɗaya ta tarihi da kowannensu. Na biyu, muna cewa "Mansa Musa ya tafi", sai hannu ya rubuta *Mansa Musa he went*. Turanci ba ya son wannan *he* ɗin bayan suna, cire shi. Na uku, *the* da *a*. Sunan mutum da na gari ba sa ɗaukar *the*, amma koguna da hamada suna ɗauka, *the Niger, the Sahara*, haka ma *the king of Kano* da *the fourteenth century*.

Bar minti biyar a ƙarshe don bitar takarda, ka bi ta sau biyu. A karo na farko aikatau kawai za ka duba, ko kowanne yana sigar abin da ya wuce. A na biyu duba babban harafi a farkon jimla da sunayen mutane da garuruwa, da shekarun da ka sa. Shekarar da kake shakka a kanta, rubuta ƙarninta a madadinta, *in the fifteenth century* daidai ta fi shekara takamaimai da ba daidai ba.

A gida, nemi tsofaffin tambayoyin WAEC ko NECO, ka ɗauki ɗaya kowane mako. Ranar farko ka amsa ta da baki da Hausa, washegari ka rubuta ta da Turanci kana duba agogo, sannan ka kai wa malaminka ka roƙe shi ya ja jan biro a ƙarƙashin kowane aikatau da ya karkace. Waɗanda ya ja wa layi, su za ka fara gyarawa kafin ka ɗauki tambayar mako mai zuwa.